Hauren giwa na fada, ƙashi na kasuwa: wanne ne asalin sana'ar?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun jiya da dare nake kallon hoton wata 'yar batta ta hauren giwa, na kasa ajiye wayar. Battar al-Mugira ake ce mata, tana gidan tarihi na Louvre a Faransa. Tsayinta bai kai taƙi guda ba, santimita 15 da 'yan kai, amma mutane da dabbobi 69 aka sassaƙa a jikinta. Ga zakuna sun danne bijimai, ga mahaya biyu suna tsinkar dabino daga kan dawakinsu, ga samari suna ɗibar ƙwai a sheƙar shaho, ga mai kiɗa a tsaye tsakanin mutum biyu da ke zaune. An yi ta a 968 miladiyya, 357 ta hijira, a Madinatuz Zahra kusa da Ƙurɗuba ta Andalus, cikin Sifaniya ta yau, domin ɗan halifa Abdurrahman na Uku.

Amma ba ita ce ta sa na buɗe maganar ba. Duk inda aka taɓo sassaƙar Musulmin farko, waɗannan battocin fada ake ɗagawa. Ni kuwa lokacin da nake karatu a Alƙahira, abin da ya fi tsayar da ni a gidan tarihi wasu 'yan tsana ne na ƙashi da aka tono a Fusɗaɗ, tsohon birnin da Amru ɗan Asi ya kafa. Ɗaya na tuna sosai. Tsawonta kamar yatsa da rabi, an tsaga mata manyan idanu da gira a haɗe, an huda kunnuwan don a sa mata 'yan kunne, an huda kafaɗun don a ɗaura hannuwa da zare. Ƙashin ya yi sulɓi saboda yawan riƙewa. Wata yarinya ta yi wasa da ita shekara dubu da suka wuce. A ganina wannan ƙashin shi ne gindin sana'ar, haure kuwa rawani ne aka naɗa mata daga baya. Ina son in ji ta bakinku.

Malam Ilu: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a yi nisa, bari mu fara da hukunci, don na san za a tambaya. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin da Ibn Abi Zaid ya ce an karhanta amfani da hauren giwa, ya kuma ƙara da cewa an yi saɓani a kai. Muhtasar ma ya kawo karhancin. Dalilin shi ne giwa ba yankawa ake yi ba, haurenta na mushe ne. Shafi'awa sun fi tsanantawa, najasa ne a wurinsu. Abu Hanifa kuwa yana ganin ƙashin mushe mai tsarki ne, tun da babu jini mai gudana a cikinsa.

Nura: Allah gafarta Malam, to idan makaruhi ne a mazhabarmu, kuma mutanen Andalus Malikawa ne kamarmu, ta yaya fadar halifa ta zama masana'antar haure? Ni abin bai shige ni ba.

Malam Ilu: Tambayarka a kan hanya take, Nura. Ka ƙara da wannan: Ibn Abi Zaid ya rasu a 996, wato yana raye a Ƙairawan a daidai shekarun da ake sassaƙa waɗannan battocin a Ƙurɗuba. Sai dai karhanci ba haramci ba ne, kuma saɓanin tsoho ne. Buhari ya kawo a babin abin da ke faɗawa cikin man shanu da ruwa cewa Zuhri ya ce ya riski magabatan malamai suna taje kai da matajin ƙashin giwa, suna zuba mai a mazubinsa, ba su ganin laifi. Ibn Sirin da Ibrahim Naha'i ma sun ce babu laifi a cinikin haure. Akwai kuma hadisin Sauban a Abu Dawuda, na sayo wa Nana Faɗima awarwaro biyu na "aji", kalmar Larabci da aka saba fassarawa da haure, amma an yi magana a kan isnadinsa, wasu malaman lugga ma sun ce ƙoƙon kunkurun teku ake nufi da kalmar a wurin, ba haure ba. Ƙofar dai ba a rufe take ba.

Dakta Sani: Na gode Malam. Maman Ihsan, ni zan saɓa miki, kuma da gangan. Kin ce ƙashi gindi, haure rawani, kamar dai masu sassaƙa 'yan tsana ne suka ƙware har aka kira su fada. Ni ban ga wannan layin ba. Ƙashin Masar gadon Ƙibɗawa ne da Rumawa. Tun kafin Musulunci ya shiga Masar, masassaƙan Iskandariyya suna yanka ƙashi falle-falle suna manna wa akwatuna da kujeru. Bayan cin Masar ba su rufe shaguna ba, sai dai zanen ya sauya a hankali, gumakan Rumawa suka ja baya, kurangar inabi da ganye suka cika wurin. Battocin Ƙurɗuba kuwa ba su ɓullo ba sai tsakiyar ƙarni na 10, bayan Abdurrahman na Uku ya ayyana kansa halifa a 929 ya shiga gina Madinatuz Zahra. Kusan dare ɗaya suka bayyana, a cike, babu tatata. Wannan aikin siyasa ne. Halifa yana gogayya da Abbasiyawan Bagadaza da Faɗimiyawan Arewacin Afirka, yana son kyautar da idan ta fita daga hannunsa kowa zai san daga ina ta fito.

Maman Ihsan: Dakta, ban ce jikan mai 'yar tsana ne ya yi battar al-Mugira ba. Cewa nake idon da ya saba da cika fili da reshe da ganye, hannun da ya saba da farin abu mai tauri da ba ya yafe kuskure, a ƙashi aka rene su ƙarni uku kafin a zo Ƙurɗuba. Ka dubi bayan dabbobin da ke battar. Ba ganye ne ya cika ko'ina ba, babu wurin da aka bari fayau?

Dakta Sani: Ganyen kam akwai shi, amma ya fi kama da sassaƙar dutse da ke bangon zauren Abdurrahman a Madinatuz Zahra ɗin kanta. Kuma kada mu ɗauka haure ya jira Andalus. A Humaima, kudancin Jodan, inda iyalan Abbas suka zauna kafin su karɓe mulki a 750, an tono gutsattsarin allunan haure a gidansu, da siffar mayaƙa cikin sulke, salon ya fi karkata ga Farisa da gabashinta. Ke nan tun ƙarni na 8 haure yana gidajen manya, ƙashi yana kasuwa, kowa da hanyarsa.

Usman Maiwuƙa: Ku yi haƙuri manya, ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma ƙotar wuƙa nake yi da ƙashi da ƙaho tun ina yaro a gaban mahaifina, Allah ya jiƙansa. Bari in faɗi abin da hannu ya sani.

Ƙashin ƙwaurin sa muke saye a mahauta. Ka datse kai biyun, ka zare ɓargo, ka tafasa da kanwa har maiƙon ya fita, in ba haka ba bayan wata biyu zai yi rawaya ya riƙa wari. Ka shanya a inuwa, don rana tana tsaga shi. Sannan zarto. Ƙaurin da yake yi a ƙarƙashin zarto kamar an ƙona gashi, yana kwana a riga. Bayan duk wannan wahalar, abin da za ka samu falle ne mai faɗin yatsa biyu zuwa uku, a ɗan lanƙwashe, kaurinsa bai taka kara ya karya ba. Ba ka da zurfin da za ka shiga. Ka ɗan zurfafa ka faɗa ramin ɓargo, aiki ya lalace.

Da na buɗe hoton battar nan na faɗaɗa shi, abin da na fara dubawa zurfin ne. An rarake bayan zakin har ya kusa tashi daga jikin battar, inuwa na faɗawa bayansa. Wallahi ƙashi ba zai ba ka wannan ba ko ka shekara arba'in kana yi. Don haka ta nan Dakta ya fi gaskiya. Amma ta wani wajen ina bayan Hajiya: babu ubangidan da zai miƙa wa yaro haure ya koyi aiki a kai. A abu mai arha ake ɓata hannu kafin ya gyaru.

Maman Ihsan: Malam Usman, Allah ya ƙara albarka a sana'a. Ka ba ni abin da ban samu a aji ba. Yanzu na gane dalilin da ya sa fallayen ƙashin Masar duk sirara ne, da 'yan hudoji a gefe inda aka kafe su a katako.

Usman Maiwuƙa: Amin Hajiya. Ita ma siffar battar ba zaɓin masassaƙi ba ne kaɗai. Haure ta gindinsa rami ne, kamar gora. Ka yanko gunduwa ɗaya, ka riga ka samu batta, saura gindi da murfi.

Nura: Ni fa har yanzu ina nan a kan surorin. Mun bar maganar haure mushe ne ko ba mushe ba. Mutane da zakuna fa? Hadisan masu yin sura ba ɓoyayyu ba ne. Me ya sa za a kira wannan fasahar Musulunci? A kira ta fasahar sarakuna mana.

Malam Ilu: Hadisan suna nan daram, babu mai goge su, kuma abin da aka sassaƙa har yana da inuwa shi ne malamanmu suka fi tsanantawa a kai. Aikin sarki ba hujja ba ne a shari'a. Amma ka lura da abu biyu. Ba za ka ga waɗannan surorin a masallacin Ƙurɗuba ba, can rubutu ne da ganye da zanen lissafi. Sun san iyakar da suka ja wa kansu, ko da mu muna ganin ba a nan ya kamata a ja ta ba. Na biyu, 'yan tsanan da Hajiya ta fara da su suna da rangwame na musamman. Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kuma Alƙali Iyad, wanda namu ne Bamalike, ya kafa hujja da wannan a kan halaccinsu ga 'yan mata. Ka ga ta fuskar hukunci, abin kasuwar ya fi na fadar tsayawa da ƙafarsa.

Nura: Wannan na karɓa, Malam. Sunan ne dai bai kwanta mini ba.

Dakta Sani: Sunan na masana tarihi ne, Nura, suna nufin abin da aka yi a ƙasashen da Musulmi ke mulki, ko da Kirista ne ya yi shi. Ba fatawa ba ce. Kuma ba duka battocin ke da mutane ba. Ta Zamora, wadda ke Madrid yanzu, an yi ta a 964 bisa umarnin halifa Hakam na Biyu domin Subh, kuyangarsa 'yar arewacin Sifaniya da ta haifa masa ɗa. A jikinta ɗawisu ne da barewa da tsuntsaye a cikin ganye. Rubutun kufi da ya zagaye murfin bai kira ta da sunanta ba, uwar Abdurrahman ya ce, kamar yadda mu ma muke sakaya sunan mace da na ɗanta. Ya kuma ambaci bawan fadar da ya kula da aikin, Durri ƙarami.

Hajiya Turai: Ni tambayata ta mata ce. Me ake zubawa a ciki? Don kakata tana da batta ta fata da tandun kwalli, kowanne da aikinsa, ba a ajiye su don kallo.

Dakta Sani: Hajiya, ɗaya daga cikinsu ta amsa miki da bakinta. Akwai wadda ke New York, aikin wani masassaƙi mai suna Halaf, an zagaye ta da baitocin waƙa, battar ce ke magana, tana yabon kyanta tana cewa ita mazubin almiski ce da kafur da ambar. Turare ke nan, da kayan ƙawa masu tsada.

Hajiya Turai: To ashe 'yar'uwar battar kakata ce, gidan da ta faɗa ne ya bambanta.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Na karanta duka daga sama, ban ga wanda ya tambayi giwar ba. Sifaniya ba ta da giwa. Kowace batta a nan giwa ce ta faɗi a wani daji na Afirka, wani maharbi ya sa ransa a kai, wani ya ɗauko hauren a ka, raƙumi ya ƙetare da shi. Mas'udi, wanda ya je gaɓar gabashin Afirka da kansa a ƙarni na 10, ya rubuta cewa hauren ƙasar Zanj ana kai shi Oman, daga can a wuce da shi Sin da Indiya, ya ce ba don haka ba da haure ya yi yawa a ƙasashen Musulmi. Idan na gabas yana tafiya gabas, sai a duba hanyar Sahara. Halifofin Ƙurɗuba sun sa ƙafa a Maroko a daidai wannan zamanin, sun kama Sabta a 931, suna kokawa da Faɗimiyawa a kan hanyoyin da zinariya ke fitowa. Hanyar da ta ɗauko zinariya ba za ta gagara ɗauko haure ba.

A Gao kuma, a bakin Kwara cikin Mali, Timothy Insoll ya tono tarin haƙoran dorina fiye da 50 a wuri guda, na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10, an jera su kamar kayan da ke jiran ayari. Shi ya yi hasashen arewa za a kai su. A Gao ɗin dai aka samu duwatsun kabarin sarakuna na marmara da aka sassaƙo a Almeriya ta Andalus a farkon ƙarni na 12. Hanya dai a buɗe take, kaya na hawa, kaya na sauka.

Dakta Sani: Haka ne, sai dai mu riƙe bambancin: battocin na giwa ne, haƙorin dorina bai da faɗin da za a fitar da batta, ya fi dacewa da ƙananan abubuwa da cusawa a katako.

Ɗan Damagaram: Na yarda. Abin da ke ci mini rai shi ne an san sunan wanda aka yi wa, an san na wanda ya kula da aikin, wani lokaci har na masassaƙin, amma daga Sahara zuwa kudu shiru. Kakannin wasunmu sun yi fataucin haure har Adamawa da Ngaundere a ƙarni na 19, ana kai shi Kano a ɗora wa raƙuma zuwa Tarabulus. Su ma babu wanda ya rubuta sunansu a jikin abin da aka yi da shi.

Baba Alhaji: 'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Shekarun baya na sayi carbi a hannun wani mai shago a ƙasa mai tsarki, ya rantse mini hauren giwa ne, na biya kuɗi masu ciwo. Na riƙe shi shekara da shekaru ina alfahari. Ranar da wani masani ya karɓa ya duba da gilashi, sai ya nuna mini 'yan ɗigo-ɗigo baƙaƙe da siraran layuka a jikin kowane ƙwaya, ya ce hanyoyin jini ne, ƙashin raƙumi ne wannan. Ya ce haure na gaske idan aka yanka shi a gicciye za ka ga layuka sun sarƙe kamar saƙar tabarma. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, don rantsuwar da aka yi mini. Carbin kuwa yana hannuna har yanzu, da shi nake lazimi.

Usman Maiwuƙa: Baba, ƙashin raƙumi ma ba abin rainawa ba ne, ya fi na sa kauri da fari. Kuma gara da ya zama shi. Tun 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, giwayen da suka rage mana a Yankari ba su da yawa. Ni ko an kawo mini ba na taɓawa.

Maman Ihsan: Akwai abin da ban faɗa ba game da al-Mugira, kuma shi ya hana ni barci jiya. Rubutun murfin addu'a ce: albarka daga Allah, da ni'ima, da farin ciki, da jin daɗi ga al-Mugira ɗan Sarkin Muminai. Yana saurayi aka yi masa ita. Bayan shekara 8, a 976, yayansa Hakam ya rasu ya bar yaro ƙarami, Hisham, wani ɗan kuma na Subh ɗin nan mai battar Zamora. Wasu bayin fada suka so a naɗa al-Mugira. Waziri Mushafi da Ibn Abi Amir, wanda daga baya ya zama Mansur, suka riga su, aka je har gidansa aka shaƙe shi. Battoci biyu daga fada ɗaya, shekara 4 tsakaninsu, ɗaya ta uwar yaron da aka naɗa, ɗaya ta wanda aka kashe don a naɗa shi.

Hajiya Turai: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Musulmi.

Nura: To da aka rushe Madinatuz Zahra, ta yaya suka tsira?

Dakta Sani: Da yawansu coci ne ya adana su, Nura. An wawushe birnin a fitinar da ta fara a 1009, halifancin ya ƙare a 1031. Kayan fada suka watsu, wasu ganima, wasu kyauta, wasu fansa. Kiristocin arewa suka ga kyansu suka mai da su mazubin ƙasusuwan waliyyansu. Akwatin Pamplona, wanda aka yi wa Abdulmalik ɗan Mansur a 395 ta hijira, wajen 1004 zuwa 1005, ya yi ƙarnoni a gidan ibadar Leyre yana wannan aikin. A cikin murfinsa an rubuta cewa aikin Faraj ne da almajiransa, wasu almajiran kuma sun cusa sunayensu ƙanana a tsakanin surorin.

Bayan faɗuwar Ƙurɗuba sana'ar ta koma Kuwenka, wani gari a Sifaniya, a hannun iyalan Ibn Zayyan. Akwatin Silos na 1026 da sa hannun Muhammad ibn Zayyan, na Palensiya kuma na wajen 1049 da na Abdurrahman ibn Zayyan. A na Palensiya za ka ga hauren ya zama siraran fallaye da aka huda aka manna a kan katako. Kaurin nan da Malam Usman ya yaba babu shi kuma.

Usman Maiwuƙa: Wato da haure ya yi wuya sai suka koma yi masa aikin ƙashi.

Maman Ihsan: Dakta ka ji ko? Ba ni na faɗa ba.

Dakta Sani: Na ji, kuma zan ƙara miki da hannuna. Mumbarin Kutubiyya na Marrakesh, wanda aka fara a Ƙurɗuba a 1137 domin Ali ɗan Yusuf na Murabiɗai, yana cikin mafi kyawun aikin katako da Musulmi suka bari. Farin da aka cusa a jikinsa, siraran layukan da suka zagaye taurarin, ƙashi ne. Sarkin da ke riƙe da hanyar zinariya, amma aka yi masa mumbari da ƙashi. Wannan na ba ki. Abin da ban ba ki ba shi ne cewa daga Fusɗaɗ aka taho Madinatuz Zahra.

Malam Ilu: Ƙashin dabbar da aka yanka ba shi da saɓanin da haure ke da shi. Ga abin da liman zai taka ranar Juma'a, ni ya fi kwanta mini a rai.

Maman Ihsan: Malam Usman, in na turo maka hoton 'yar tsanar nan ta gaba da ta baya, za ka iya yi wa Ihsan irinta? Da hudojin kunnen da na kafaɗun, ni zan ɗinka mata riga.

Usman Maiwuƙa: Turo Hajiya. Sai dai ki ba ni sati uku, iskar hunturun nan tana tsaga ƙashi in aka gaggauta shanya. Ki auno mini tsawon tafin hannun yarinyar.